Babu Zuma a Gidan Nan

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Yaya da muke kwana gado ɗaya. Ina son wani mutum, kuma bai san sunana ba.

Shi ke nan, na rubuta.

Tun da muka gama jarrabawar fita sakandare nake taimakawa a makarantar rainon yara da ke bayan layinmu, ajin 'yan shekara uku. Umma ce ta roƙar mini aikin, wai gara in fita in ga mutane da in kwanta ina cin littattafan soyayya kamar gara ta samu katako. Aikina wanke hannu, goge majina, kai bayi, ɗaura igiyar takalmi. Sai waƙa. Malama mai ajin ba ta waƙa, ta ce muryarta ta tafi tun haihuwar fari, don haka ta sakar mini. Yara suna ce mini Anti Waƙa. Ni da babba idan ya gaishe ni harshena naɗewa yake yi, a gaban yara bakina kamar an kunna famfo.

Waƙar safe ni na ƙirƙiro ta, don su san sunayen junansu. Muna zama da'ira a kan tabarma, in gangara ƙwallon tsumma, mu rera:

Ƙwallo, ƙwallo, gangara,
hannun wa ka faɗa?

Wanda ya cafe sai ya faɗi sunansa, mu tafa masa. Da sunan gida muke yi, don shi ne suke waiwayowa idan an kira. Akwai Kumatu, akwai Gajere, akwai tagwaye da kullum suke musanya suna don su ruɗa ni.

Shi kuwa, baffan sabuwar yarinya ne da aka kawo yau. Tabarau, hannun riga a naɗe, murya ƙasa-ƙasa. Ya tsuguna a bakin aji ya gyara mata maɗaurin takalmi. A duk littattafan da na karanta, namijin da ke tsugunawa saboda yaro shi ne na ƙwarai. Na sa masa Mai Tabarau.

Talata, bayan an tashi

Sabuwar ba ta kuka, ba ta wasa. 'Yar siririya ce, idanu manya. Duk inda na yi tana riƙe da gefen siket ɗina, har ƙofar bayi.

Da ƙwallo ya faɗa hannunta ta daɗe tana kallonsa. Na ce, "Wa ya cafe?" Can ƙasan maƙoshi ta ce, "Zuma."

Kumatu ya ce, "Ta sha?" Aka fashe da dariya, ita ma ta yi, karon farko. Muka tafa mata: Zuma ta zo, Zuma ta zo. Ta ce a sake. Muka sake.

Ya zo ɗaukarta da farar riga. Bai dube ni ba, amma na san irin wannan. Da farko ba sa duba.

Laraba, ƙarfe huɗu

Ya yi mini magana!

Bari in bi a hankali. Anti Babba, mai makarantar, ta aiko a kira ni ofis. Na shiga, na zaci maganar kofin da na fasa ce. Sai ga shi zaune, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Anti Babba ta ce, "Ga ta nan. Ba ta da baki amma akwai murya."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Anti, jiya yarinyarmu ta koma gida tana rera wani suna. Wannan sunan uwarta ce ta laƙaba mata. A gidanmu Hajiya Ƙarama take, takwarar mahaifiyarmu ce. Tun abin da ya sami yayana, tana hannunmu, kuma muna so hankalinta ya kwanta wuri ɗaya. Duk sanda ta ji wancan sunan sai ta kwana tana firgita."

Na ce to. Ina jin na ce to. Wataƙila kai kawai na gyaɗa.

Ya ce, "A gida mun yi mun gaji. An ce yara suna jin maganarki. Kafin ƙarshen wata nake so ta saba. Na dogara da ke."

Na dogara da ke. Na maimaita a hanya har gida, na kusa faɗawa kwata.

Ban tambayi me ya sami yayan nasa ba, ko ina uwar take. Ba a tambayar irin wannan.

Alhamis, da yamma

Na gangara mata ƙwallo na rera, "Hajiya Ƙarama ta cafe!" Ta waiga baya tana neman wadda ake nufi.

Na nuna mata biskit. Na ce idan ta faɗa zan ba ta. Ta dubi biskit, ta dube ni, ta ce, "Ni Zuma ce. Mamana ta ce."

Malama tana yanke farce a kan tebur, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Da lallashi za ki yi? To sai ki shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Asabar, da hantsi

Yaya ta ce na fara murmushi ni kaɗai ina wanke-wanke, wai ko aljanin littafi ne ya aure ni. Na ce ta rabu da ni. Ta ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza, Malama Shiru."

Ina ta tunanin dabara. Ba na so in ba shi kunya.

Litinin, bayan an tashi

Na samo sabon wasa, wasan ƙofa. Yaro ya fita baranda, a rufe, ya ƙwanƙwasa. Mu na ciki mu rera:

Wa ke bakin ƙofa?

Ya faɗi sunansa, mu amsa:

Shigo, shigo, Gajere,
gidan nan naka ne!

Sai a buɗe, a rungume shi. Sun so shi kamar me. Har faɗa suke yi a kan wa zai fita.

Da aka zo kan yarinyar ta fita da gudu, ta ƙwanƙwasa da hannu bibbiyu. Muka ce wa ke bakin ƙofa. Ta ce, "Zuma!" da ƙarfi, muryar da ban san tana da ita ba.

Wallahi ban shirya abin da ya biyo baya ba. Daga bakina kawai ya fito, da karinsa da komai:

Babu Zuma a gidan nan,
koma, koma, sai gobe!

Yara suka ɗauka nan take. Ya fi duk waƙoƙina daɗin tafi. Ta sake ƙwanƙwasawa tana dariya, ta zaci cikin wasan ne. Muka sake. Ta sake. Daga baya dariyar ta tsaya, sai ƙwanƙwasawar kawai.

Na leƙa ta taga na ce mata a hankali, "Ki ce Hajiya Ƙarama, sai a buɗe." Ta girgiza kai.

Sai da lokacin cin abinci ya yi na shigo da ita.

Wasa ne dai.

Talata, ƙarfe uku

Yau ma. Ta daɗe a waje fiye da jiya. Rana ta zagayo barandar.

Laraba, da yamma

Ta yi fitsari a tsaye a bakin ƙofa. Na ga ruwan yana shigowa ta ƙarƙashi, yana bin layin siminti har gefen tabarma. Tagwaye suka ɗage ƙafa suna ihu. Na tashi zan buɗe, Malama ta ce, "Zauna. Kika buɗe yanzu kin koya mata cewa fitsari mabuɗi ne."

Na zauna.

Da nake sauya mata wando a bayi ba ta riƙe siket ɗina ba. Bango ta dafa.

Yaran sun fitar da abin daga cikin wasa. A wurin lilo na ji Gajere yana tare ta da hannu yana cewa, "Wa ke bakin ƙofa?" Ko ruwa za ta sha sai wani ya tsaya gaban randa ya tambaye ta. Ban koya musu wannan ba. Ban hana ba kuma.

Mai Tabarau ya zo da shuɗiyar riga yau. Ya ɗaga mini gira daga nesa, alamar yaya ake ciki. Na sunkuyar da kai. A cikin littafin da nake karantawa yanzu, ita ma yarinyar sai da ta yi abu mai wuya kafin ya gane darajarta.

Alhamis, da rana, a bayan aji

Ta faɗa.

Ba ta ma ƙwanƙwasa da ƙarfi ba. Muka ce wa ke bakin ƙofa. Sai wata 'yar murya ta ce, "Hajiya Ƙarama."

Na buɗe da kaina, na ɗaga ta sama, muka rera shigo, shigo, gidan nan naki ne. Na sa duk ajin suka rungume ta. Na ba ta biskit biyu. Ta riƙe su a hannu har aka tashi, suka narke.

Malama ta ce, "Kin gani? Da kin bi ta tausayi da muna nan."

Alhamis, bayan magariba

Na sa ta faɗa a gabansa a bakin get. Na tsuguna na ce, "Faɗa wa Baffa, wa ke bakin ƙofa?" Ta faɗa, idonta a ƙasa.

Ya yi murmushi, haƙoransa a jere. Ya ce, "Madalla, Anti. Hannunki da albarka."

Na fara rubuta masa wasiƙa. Na san ba zan iya magana ba ko za a yanka ni, amma a takarda ina da baki. Na sayi takarda mai ruwan hoda a shagon kan kwana.

Asabar, da la'asar

Wasiƙar ta kai shafi huɗu. Na fara da "Ya hasken idanuna." Na goge, na mayar.

Ina so ya san ba da sauƙi abin ya zo ba, don ya san girman abin da ke zuciyata. Don haka na rubuta masa komai: abin da ya ce mini a ofis kalma da kalma, yadda biskit ya kasa, yadda na ƙirƙiro wasan ƙofa, baitin nan, ranar da ta tsaya a rana, ranar fitsari, yadda na zauna ban buɗe ba alhali zuciyata na tsagewa, duk saboda shi. Na rubuta, "Ka ce kafin ƙarshen wata, ga shi na cika maka tun wata bai tsufa ba." Da na karanta sai da na yi hawaye don daɗi. A ƙasa na sa "Mai ƙaunarka a ɓoye."

Na fesa mata turaren Yaya. Ta shigo tana shinshina ɗaki, ta ce, "Wace ɓarauniyar ce ta taɓa mini kwalba? Malama Shiru, zance za ki je ko gawa za ki wanke?" Na tura wasiƙar ƙarƙashin katifa.

Litinin, da yamma

Yanzu tana amsawa tun kafin a rufe baki. Ko ba ita aka gangara wa ƙwallo ba sai ta ce, "Hajiya Ƙarama, Hajiya Ƙarama," da sauri-sauri, tana kallon ƙofa.

Ba ta yarda ta zauna kusa da ƙofar. Kowa yana da wurin da yake so ai.

Wasiƙar tana aljihuna. Ban samu dama ba.

Laraba, ban san ƙarfe nawa ba, rana dai ba ta faɗi ba

Ba na son rubuta yau.

Mun fito da su tsakar makaranta suna jiran masu ɗauka. Wata mata ta zo bakin get. Ramammiya, mayafinta ya yi mata yawa, tafiyarta irin ta wanda ya tashi daga doguwar jinya. Baba Maigadi ya tare ƙofa, ya ce, "Ki yi haƙuri 'yata, an ba ni umarni. Ni ma ba da son raina ba." Ba ta yi masa gardama ba. Ta kama ƙarafunan get da hannu biyu, ta sa fuskarta a tsakani, tana bin yaran da ido ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta kira.

"Zuma!"

Yarinyar tana gefena da jakarta a baya. Jikinta gaba ɗaya ya yi gaba, kamar an ja ta da igiya. Taku ɗaya ta yi. Sai ta tsaya, ta waiwayo ta dube ni.

Ni ta duba.

Matar ta ce, "Zuma, Mama ce. Zo, 'yar albarka. Zo in gan ki."

Kumatu ne ya fara. Ba da mugunta ba, shi dai ya ji an faɗi kalmar, ga kuma ƙofa a rufe. Ya tafa hannu. Tagwaye suka kama. Kafin in buɗe baki duk ajin sun juya suna fuskantar get, suna tsalle:

Babu Zuma a gidan nan,
koma, koma, sai gobe!

Na ce su yi shiru. Ina jin na ce. Muryata ba ta fita ba. Na dubi yarinyar, sai na ga leɓenta yana motsi tare da nasu. Hawaye na zuba, tana tafi.

Matar ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Ta saki ƙarfen, ta dubi tafin hannunta, ta ce a hankali, "Wa ya koya musu wannan?"

Suka nuna ni gaba ɗaya, suna murna, "Anti Waƙa!"

Ta dube ni. Ba zagi, ba komai. Ta ce, "Ke ma 'yar wata ce."

Baba Maigadi ya raka ta har bakin titi. Da ya dawo bai amsa sallamar da na yi masa ba.

Alhamis, da safe

Na ce wa Umma cikina ke ciwo. Ta ce in sha ruwan ɗumi in tafi.

Alhamis, da yamma

Wasa ne. Shi ya ce tana firgita. Don hankalinta ya kwanta ne. Shi ya faɗa.

Juma'a, bayan an tashi

Anti Babba ta shigo aji tun kafin yara su iso. Ta ce daga yau an daina wasan ƙofa, kuma ba a taɓa yin wani wasa mai kama da shi a makarantar nan ba. Ta ce Litinin wata jami'a za ta zo daga ofishin kula da yara, uwar ce ta kai ƙara. Ta nuna ni da biro: "Ke kuma Allah ya taimake mu ba ki da baki. Ki ci gaba da rashinsa."

Da ta fita na ce wa Malama, "Malama, to idan aka tambaye mu fa?"

Ta ce, "Mu? Ni na rera? Muryata ta tafi tun haihuwar fari, kowa ya sani. Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski."

Ban ci ladan kowa ba. Madalla kawai aka ce mini.

Lahadi, da hantsi

Na buɗe littafin soyayyar da nake karantawa, na kasa wuce shafi ɗaya. Duk inda saurayin ya kira budurwar da wani suna mai daɗi sai in ji tafi.

Litinin, ƙarfe biyar

Jami'ar ta zo. Dattijuwa ce mai jaka baƙa, ta zauna a kan 'yar kujerar yara gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta. Shi ma ya zo, da farar rigar nan tasa. Anti Babba ta tsaya bakin ƙofa. Ni ina gefe da tawul a hannu.

Daga maganarsu na tsinci abin da ake ciki. Uwar ta ce ana raba ta da 'yarta da gangan, ana cire ta daga zuciyar yarinya. Dangin uban kuma sun ce yarinya ta saba da gidan kakarta, uwar ma tsoronta take ji. Abin da jami'ar ta rubuta shi za a kai gaban alƙali.

Ta yi wa yarinyar wasa da 'yar tsana, sannan ta ce, "Yaya sunanki, 'yar kyakkyawa?"

"Hajiya Ƙarama."

"To wace ce Zuma?"

Yarinyar ta dubi ƙofa. Ta ce, "Babu."

"Mama fa? Kina so ki je wurin Mama?"

Ta ƙanƙame ƙafar tebur. Ta ce, "Ba na son waje. Ni Hajiya Ƙarama ce. Kar a kai ni waje."

Jami'ar ta daɗe tana rubutu.

Ya gyara tabarau ya ce, "Kin ji da kunnenki, Hajiya. Mu ba mu sa ta ba. Yaro ai ba ya ƙarya." Muryar nan ƙasa-ƙasa, ita ce dai, ba ta sauya ba ko kaɗan.

Da za ta tashi ta juyo gare ni. Ta ce, "Ke fa 'yata, ke ce kullum tare da su. Akwai abin da kika lura da shi?"

Anti Babba tana kallona, shi yana kallon agogo. Na girgiza kai.

Ta ce, "To. Ofishinmu yana daura da babban asibiti, bene na farko. Sai Alhamis zan miƙa rahoto, idan wani ya tuna wani abu."

Talata, da yamma

Har yau da safe ina nema masa uzuri. Na ce wataƙila mahaifiyarsu ce ta matsa masa. A littattafai sau da yawa haka ne, yana da ciwon da ba ya faɗa. Na ce zan ba shi wasiƙar, idan ya karanta ya ga abin da yarinyar ta sha, zuciyarsa za ta karye, ya gyara komai da kansa.

Da aka tashi na tsaya a gabansa, hannuna cikin aljihu a kan takardar. Ya dube ni ya ce, "Ke, ɗauko mata jakarta mana."

Na ɗauko. Ina miƙa masa ya juya wurin Malama ya ce, "Af, wai wace ce a cikin masu rainon naku mai waƙar nan? Ina so in yi mata godiya kafin mu cire yarinyar, makarantar ta yi mana nisa."

Malama ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ga ta a gabanka, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Au. Sannu." Ya ja hannun yarinyar suka tafi.

Har ƙamshin turaren Yaya yana tashi daga aljihuna.

Laraba, da rana, suna barci

Na kwantar da su a kan tabarma. Malama ta fita sayen katin waya. Yarinyar tana can ƙuryar da ta fi nisa da ƙofa, idonta biyu.

Na kwanta kusa da ita. Na sa bakina a kunnenta, yadda ba wanda zai ji, na ce, "Zuma."

Ta zabura. Ta sa 'yar tafin hannunta ta toshe mini baki, da ƙarfi, har farcenta ya shiga leɓena. Ta leƙa ƙofa, ta leƙa yaran, sannan ta raɗa mini:

"Anti, kar ki faɗa. Za a fitar da ke waje."

Ba ta ɗauke hannun ba sai da barci ya kwashe ta.

Laraba, bayan la'asar

Gobe Alhamis.

Na san idan na je ofishin nan na tsaya gaban matar, bakina ba zai buɗe ba. Na san kaina. Don haka na zauna in rubuta mata bayani a farar takarda, mai tsabta, ba hasken idanu, ba turare.

Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga. Kowanne sai ya fito "wani ɗan wasa muka yi," "ban yi nufin komai ba," "Malama ce ta ce in zauna." Ranar fitsari ma sai in ga hannuna ya tsallake ta. Duk wanda ya karanta zai ce yarinyar kirki ce aka ruɗa, ya ajiye takardar ya ci gaba da aikinsa.

Sai na ciro mai ruwan hodar na karanta daga farko. A cikinta babu abin da na rage, saboda lokacin taƙama nake yi. Abin da ya ce yana ciki, da wa'adin da ya ba ni, da baitin, da tsawon tsayuwarta a rana. Har da dalilin da ya sa mai hankali za ta yi haka, yana nan a layin farko, da manyan baƙaƙe.

Za su karanta "Ya hasken idanuna." Wataƙila a gaban alƙali, da ƙarfi, yana zaune. Malama za ta samu abin dariya na shekara. Anti Babba za ta kore ni, wannan ba shakka. Umma za ta ji, unguwa za ta ji. Idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kuma ban sani ba ko zai yi amfani. Ko an mayar da ita wurin uwarta, wa zai cire mata ƙofar nan daga kai? Ni na san yadda ake sa waƙa a bakin yaro. Ban san yadda ake cire ta ba.

Yaya ta shigo ta gan ni da jajayen idanu da tarin yagaggun takardu. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai ta fasa. Ta ce, "Me ya faru, ƙanwata?" Na ce gobe da safe ta raka ni wani wuri daura da asibiti, kuma kar ta tambaye ni komai a hanya. Ta ce, "Ba ki da lafiya ne?" Na ce ta dai raka ni, idan na tsaya a ƙofar bene ta tura ni. Ta ce turawa kam ta iya.

Ban goge ko kalma ɗaya ba. Abu ɗaya na gyara. Na ja layi a kan "Mai ƙaunarka a ɓoye," na rubuta cikakken sunana a ƙasa, da na mahaifina, yadda kowa zai iya karantawa.

Gobe zan miƙa ta. Shi ma a can zai ji sunan nawa.